Kwalkwalin Jamus Mai Tsini: Amsoshi Ga Masu Son Saye Da Masu Son Gyara

Wasiƙun da suka taru a wannan karo duk a kan abu ɗaya suke: baƙar hular nan mai tsini ta sojojin Jamus na zamanin sarauta, wadda su Jamusawa ke kira Pickelhaube. Sarkin Purushiya, Friedrich Wilhelm na IV, shi ya fara sa wa sojojinsa ita a 1842. Sauran masarautun Jamus suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, Bavariya ta zama ta ƙarshe a 1886. Hular ta ci zamaninta har 1916, lokacin da hular kwano ta ƙarfe ta ture ta daga fagen daga. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Ina aiki a Hamburg. A kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Asabar na ga irin hular nan, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Mai ita ya ce ta kakan mahaifinsa ce, zai sallama a Yuro 250. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Sheƙin da ya ja hankalinka shi ya sa ni ɗar-ɗar. Ko autar waɗannan huluna ta haura shekara 100 a duniya. Da fatar saniya mai kauri aka yi ta, aka matse ta a kan ƙira har ta sandare, sannan aka shafe ta da baƙin ƙaro mai ƙyalli. Fata ba ta yin shekara 100 ba ta motsa ba: tana ɗan tsukewa, ƙaron ya yi 'yan tsage-tsage, tagullar ta dushe. A yau kuma ana ƙera sababbi birjik, musamman a Indiya, domin 'yan fim da masu ƙawata falo. Ba su da laifi in an sayar da su da sunansu a kan kuɗinsu. Ɓarnar tana farawa ranar da wani ya baɗa musu ƙura ya laƙaba musu kaka. Labarin kakan ka saurara don ladabi, amma kada ka ƙara ko sisi saboda shi.

Koma ka ce a miƙo maka ita. Kada ka ɗaga ta da tsinin. Tallafo ta daga ƙasa da hannu biyu, ka juya ta, ka fara dubawa daga ciki, domin mai jabu a waje yake ƙarar da ƙarfinsa. Hular kurtu, wadda gwamnati ke rabawa, shafinta na siririyar fata ne da aka yayyanka harshe-harshe, kowane harshe da huda a bakinsa inda ake zura igiya a tsuke. Shinshina ta ma. Warin gam ko na sabon fenti ba ya ɓuya.

Daga nan leƙa ƙarƙashin leɓen baya, wato bakin hular da ya turo ya rufe ƙeya. A nan ake buga hatimin ma'ajiyar tufafin soja: haruffan B.A., sai lambar Romawa ta babbar rundunar yankin, wani lokaci har da shekara. Kusa da shi akan ga J.R. da lamba, wato rajimantin sojan ƙasa da ya karɓe ta. Can cikin ƙoƙon kuma akan sami hatimin kamfanin da ya ƙera ta, da awon kai irin su 55 ko 56, sau da yawa da fensir. Waɗannan su ne shaidun da za ka gwada da tambarin da ke goshin hular. Tambarin Purushiya mikiya ce da ta buɗe fikafikai, ɗauke da rubutun "Mit Gott für Koenig und Vaterland". Na Bavariya zakuna biyu ne riƙe da garkuwa. Na Württemberg zaki ne da barewa mai ƙaho, na Saksoni tauraro, na Baden dabbar almara mai kan mikiya da jikin zaki. Runduna ta XIII ta Württemberg ce, ta XII da ta XIX na Saksoni ne. In hatimin ciki ya ce XIII, goshi kuma ya nuna tauraron Saksoni, akwai magana. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko an sha gyara huluna a sake raba su ga wasu rundunoni, don haka saɓani ba ya nufin jabu kai tsaye, amma bayani ya hau kan mai sayarwa, farashi kuma dole ya sauko.

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne tambarin nan. Bayansa akwai kunnuwa biyu da ke shiga ramuka biyu a goshin hular. A samfurin hular da aka fitar a 1895 kowane rami da zobensa na tagulla, kunnuwan kuma an soke su daga ciki da ɗan guntun fata. Ramuka biyu ake so. In ka ga huɗu, ko rami da aka faɗaɗa, ko wanda aka toshe aka shafe, to an sauya tambari. Dalilin a fili yake. Hular Purushiya ta fi kowace yawa, ita ce mafi sauƙin kuɗi. Sai mutum ya cire mikiyar ya ɗora tambarin ƙaramar masarauta irin su Hesse ko Oldenburg, farashi ya ninka. Tambarin da ya shekara 100 a wuri ɗaya yakan bar shatinsa a kan ƙaron, kuma in ka karkata hular a haske za ka ga shatin. Duba ko ya dace da abin da ke kanta yanzu. In mai ita ya yarda ya cire tambarin da hannunsa, kalli bayansa. Na gaske an buga shi ne da inji daga siririn falle, gashin mikiyar ya fito raɗau ta gaba da ta baya. Na jabu galibi zubi ne, ya fi nauyi, zanensa a dakushe.

Sa ɗan maganaɗisu a aljihu. Kafin yaƙi da tagulla ko farin ƙarfe ake ƙawata hular, su kuwa ba sa kama maganaɗisu. A 1915 da aka buƙaci tagulla don kwanson harsashi, sai aka koma baƙin ƙarfe mai fenti ruwan toka, aka kuma yi tsinin da ake murɗawa a cire. Wannan zai kama. Akwai kuma 'yan faya-faye biyu a gefen kunnuwa: na dama mai baƙi, fari da ja na daular Jamus ne, an fara sa shi a 1897, na hagu kuma na masarautar da sojan ya fito.

Akwai tsofaffi na gaske da ba a taɓa sawa ba. Bayan yaƙi sojojin Amurka sun kwashe dubbai daga ma'ajiyoyin Jamus, aka raba su a 1919 a matsayin tukuici ga masu tallata takardun rancen gwamnati, har aka jera wasu tsibi-tsibi a kusa da tashar Grand Central ta New York. Irin waɗannan a Amurka suka fi fitowa, yawancinsu masu ƙarfe ruwan toka ne, kuma ba a Yuro 250 ake sallama su ba. Araha ba ta ado. Cikakkiyar hular kurtun Purushiya mai lafiya ta fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba. Ɗauki hotunan ciki, hatimai da bayan tambari ka nuna wa wanda ya daɗe a harkar. Tunda kuma kana Jamus, ka ba idonka horo: je gidan tarihin soja na Rastatt ko na Ingolstadt ka ƙare wa na gaske kallo. In ka tsallaka Faransa, a Fort de la Pompelle kusa da Reims akwai hulunan sojan Jamus 560 a wuri ɗaya.

Tambaya: Ina zuwa Beljiyam sayen motoci. Na ga hoton wata mai mikiya tsaye a samanta, ta shiga raina ƙwarai. Kuɗi ba matsala ba ne. Da ita zan fara, ko da ta hafsa?

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji, wadda ka gani ta dakarun Garde du Corps ce, masu gadin sarki a kan doki, mazauna Potsdam. Ta ƙarfe ce mai ruwan jan tagulla, kuma ranar fareti ake ɗora mata mikiyar, sauran ranaku tsini ake sa mata. Rajimanti ƙalilan ne suka sa irinta, don haka ta gaske ba ta da yawa, kuɗinta dubban Yuro ne masu kauri, kuma tana sahun gaba cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Wani lokaci jikin na gaske ne, mikiyar sabuwa. Mai kuɗi da bai riga ya san kaya ba shi masu wannan sana'a ke jira. Ban ba ka shawarar farawa da ita ba.

Ta hafsa ma zan ce ka jinkirta. Hafsoshi da kuɗinsu suke sayen hula a wurin 'yan kasuwa. Takan zo da shafin siliki, taurarin tagulla a gindin tsini, maɗaurin haɓa na ɓawo-ɓawon tagulla, ƙarƙashin leɓen gaba kore, na baya ja. Kyakkyawa ce, babu musu. Amma tunda ba ta bi ta ma'ajiyar soja ba, ba ta da hatiman da sabon shiga zai jingina da su.

Fara da ta kurtun Purushiya, samfurin 1895 ko 1915, wadda ba a taɓa ba, mai hatimi da ake iya karantawa. A kanta za ka koyi kaurin fata, yanayin ɗinki da launin tsufa na gaskiya. Lambar rajimantin kuma za ta kai ka ga garin da barikinsa yake da fagagen da ya yi yaƙi, kuma a wurina nan daɗin harkar yake. A garin Ciney, nan Beljiyam, ana cin babbar kasuwar kayan soja na da. Je ka zagaya, ka taɓa, ka tambaya, karon farko ka dawo hannu rabbana. Ranar da za ka sayi babba, saya a gidan gwanjo sananne irin su Hermann Historica na yankin Munich, ko wurin dillalin da zai rubuta maka cewa in ta zama jabu zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi. Ka tuna gidajen gwanjo suna ɗora la'ada a kan farashin da aka buga, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ka tura wa baƙo kuɗi kai tsaye ta banki saboda hoton da ka gani a Facebook.

Tambaya: Na sayo ta Purushiya na kawo gida Kano. Leɓen baya ya rabu da jiki saboda zaren ya ruɓe, tagullar ta yi duhu, akwai wani kore-kore a gindin ƙusoshi, saman kuma ya ɗan lotsa. Niyyata in kai wa baduku a Ƙofar Wambai ya ɗinke, in goge tagullar da Brasso, in shafa wa fatar man kaɗe ta yi laushi. Me ka gani?

Amsa: Malam, na gode da ka tambaya kafin ka taɓa, don biyu cikin ukun nan da sun kashe hular. Aiki iri biyu ne a gabanka: tsayar da lalacewar da ke ci gaba, da kuma mayar da ita kamar sabuwa. Na farko wajibi ne. Na biyu shi ne garin neman gira a rasa ido. Ɗauke ta kamar kundin kakanka na rubutun hannu: za ka kare shi daga gara da ruwan sama, amma ba za ka bi kan tawadar da ta dushe da biro ba.

Man kaɗe, man gyaɗa, basilin, man takalmi, duk ka nisanta su da ita. Fatarmu ta jar akuyar Sakkwato da ake jemewa da bagaruwa laushi ake nema a wurinta. Wannan kuwa da gangan aka sandarar da ita, taurinta shi ke riƙe da siffarta. Mai zai ratsa ta tsagun ƙaron ya sa ta saki, nauyin tsini ya ƙara danne saman. Bayan haka man zai yi tsami, ya kira ƙwari, ya kuma haɗu da tagulla ya haifar da koren nan da kake kuka da shi. Mai in ya shiga fata ba ya fita.

Koren shi ne abin da za ka yi wa aiki, domin yana cin ƙarfen yana ɓata fatar. Sami tsinken sakace na itace da auduga, ka kankare shi a hankali, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, ka wanke hannu in ka gama. Kada ka sa wuƙa ko allura. Duhun da tagullar ta yi kuwa ba cuta ba ne, bar shi. Man goge tagulla yana da ammoniya da garin da ke cin fuskar ƙarfe. Zai dakushe zanen mikiyar, ya bar farin gari a lunguna, in kuma akwai sauran ruwan zinariya a jiki ya tafi ke nan har abada. Masu saye na gaskiya suna rage kuɗi a kan hular da aka goge. Ƙura kawai za ka share da buroshi mai taushi irin na masu zane.

Baƙin ƙaron da ke jikinta dangin shalak ne, wato wani ƙaro da ake samu daga jikin ƙwaro, kuma sifirit yana narkar da shi nan take. Turare da ruwan tsabtace hannu ma haka. In kana so ka ba ta ɗan kariya, akwai kakin da ake kira Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya. Shafa ɗan mitsitsi da tsumma mai laushi, bayan ka gwada a wani ɓoyayyen wuri, kuma kada ka kai shi inda ƙaron ke ɓamɓarewa. Masu gyara na ƙwarai sukan cike inda ƙaro ya zube da shalak mai baƙin rini, shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe. Aikin makonni ne, kuma ba hular da za ka koya a kanta ba ce wannan.

Ɗinkin leɓe shi ne gyaran da na yarda da shi, domin leɓen da ke reto zai ƙarasa yagewa, kuma ɗinki abu ne da wani zai iya warwarewa gobe ba tare da ɓarna ba. Dukawanmu suna da hannun da zai yi shi, ban raina su ba ko kaɗan. Sai dai sana'arsu ta saba da sabuwar fata da ake hudawa da basilla yadda aka ga dama, don haka zauna tare da shi ku yi sharaɗi. Ba za a sa keke ba, don allurar keke za ta tsaga tsohuwar fatar a kan layin ɗinki. Ba za a yi sabuwar huda ko ɗaya ba. Za a tsame guntayen tsohon zare daga kowane rami, sannan a bi ramukan asali ɗaya bayan ɗaya da siririyar allura da zaren auduga ko na lilin da aka ja a kakin zuma. Zaren roba ya fi fatar ƙarfi, zai yanka ta. Ba gam, ko ɗigo. Kada a ja zaren da ƙarfi. In dole a ɗaga ƙarfen da ya bi ta ƙeya kafin a kai ga ɗinkin, a yi hattara da 'yan ƙafafun ƙusoshin da ake lanƙwasawa daga ciki, domin a lanƙwasa ta biyu ko ta uku suke karyewa. Biya shi kuɗin yini, kada ka biya shi kuɗin aiki, don kada ya yi sauri.

Lotsawar saman ka bar ta. Ana iya miƙar da ita da danshi a kan ƙira, amma ƙaron kan fashe a garin haka. Cusa tsabtataccen farin ƙyallen auduga a ciki ya tallafe ta don kada ta ƙara. In maɗaurin haɓa ko faya-fayen gefe sun ɓata, ba laifi ka sa na kwaikwayo su cike gurbi, da sharaɗin ka rubuta. Buɗe ɗan littafi: hoto kafin aiki, hoto bayan aiki, abin da aka taɓa, da ranar. Duk ranar da za ka sayar, ka miƙa littafin tare da ita. Ɓoye gyara ga mai saye algus ne.

Tambaya: An nuna mini wata mai tsini amma ba ta fata ba ce, ta matsattsen ulu ce ruwan toka-kore. Jabu ce ko?

Amsa: Ba lallai ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 Jamus ta kira miliyoyin mutane, jiragen ruwan Birtaniya kuma suka tare hanyar da fata ke shigowa daga Kudancin Amurka. Sai aka shiga yin hular da abin da ya samu: ulu, kwano, har da matsattsiyar takarda. Kamfanin Bing na Nuremberg, wanda aka sani da kayan wasan yara na gwangwani, yana cikin waɗanda suka yi ta kwano. Masu tarawa suna son irin waɗannan sosai. Amma ta ulu ta fi ta fata sauƙin kwaikwaya, don haka duk binciken shafi da ramukan tambari da na zayyana a sama ka ninka shi. Ɗaga ta a haske ka nemi cin asu. In ka ga ɗan gari yana zuba, ware ta daga tufafinka da sauran kayanka.

Tambaya: Daga Garwa nake. Wani dillali ya kawo wa maigidana hula mai tsini, ya ce a wani ƙauye aka same ta, ta sojan Jamus ce da ya mutu a yaƙin Garwa. Maigida na so ya biya kuɗi masu yawa. Ni hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, hankalinki ya yi gaskiya. Yaƙin ya faru, wannan babu shakka. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Ingila ta taso daga Yola ta afka wa Garwa, Jamusawa suka kore ta. A Yunin 1915 Ingila da Faransa suka haɗu suka ci garin. Banyo ta faɗi a Nuwamban shekarar, dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe shi har Fabrairun 1916. Hausawa sun yi wannan yaƙi ta ɓangarorin biyu, wasu a Rajimantin Nijeriya, wasu cikin sojojin Jamus. Amma sojojin mulkin mallakar Jamus a Kamaru da Togo ba da hula mai tsini suka yi yaƙi ba. Turawan cikinsu hular rana suke sawa ko malafa mai naɗaɗɗen gefe ɗaya, 'yan Afirka kuma dara. Baƙar fata mai ƙaro da tagulla kayan Turai ne, ba na zafin Binuwai ba.

Hanya ɗaya da irin kayan nan suka shigo ita ce kyauta ga sarakuna. Sarkin Bamum a Kamaru, Njoya, ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na II gadon sarauta na duwatsun ado a 1908, aka mayar masa da tukuicin kayan sojan doki na masu gadin sarki. Kaya irin wannan a fada suke zama, kowa ya san tarihinsu, ba sa yawo a jakar dillali. Sannan ki duba da hankali: fatar da ta shekara 100 a ɗakin ƙauye, ga damina ga gara, da wane hali za ta fito? In wadda aka kawo lafiyarta ƙalau, to daga Turai ko Indiya ta zo ba da daɗewa ba. Ki lallashi maigida ya ɗauki hotunanta ciki da waje ya tura a duba kafin ya fitar da ko dala. In kuwa bincike ya nuna daga wata fada ta fito da gaske, to sai a tambayi yadda aka yi ta bar fadar, domin kayan tarihin masarauta ba na mutum ɗaya ba ne da zai sayar, kuma fitar da su waje yana buƙatar izinin hukuma.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Leipzig. Abokin zamana Bajamushe ya ga hular a kan tebur ya ɓata rai. Shin kayan Hitler ce? Doka ta hana?

Amsa: Ƙanena, ba ta Hitler ba ce. Sarautar Jamus ta rushe a Nuwamban 1918, 'yan Nazi suka hau mulki a 1933. Dokar Jamus da ta hana baje alamomin Nazi ba ta shafi wannan hula ba, ana sayar da ita a fili. Amma ka fahimci abokinka. A idon Jamusawa da yawa ita ce hoton ƙasar da ta fifita soja a kan kowa, har abin ya kai ga yaƙin da ya ci rayukan sojojinsu wajen miliyan 2. A Maris na 1933 a Potsdam, shugaban ƙasar na lokacin, Hindenburg, da ita a kansa ya gaisa da Hitler. Launukan baƙi, fari da ja na ɗan faifan dama kuma su ne masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi ke ɗagawa yau a zanga-zanga. Mu ma 'yan Afirka ba mu da dalilin yi wa wannan daula kirari: ita ta yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, abin da gwamnatin Jamus ta amsa a 2021. Ni ina ganin mai ajiye hular nan ya ɗau nauyin sanin wannan tarihi da faɗinsa. Zauna da abokinka ka nuna masa lambar rajimantin, ka gaya masa abin da ka karanta a kai. Kada ka sa ta a ka don ɗaukar hoto, kuma in ɗakin na haɗaka ne, mayar da ita ɓangarenka.

Tambaya: Zan dawo gida da guda biyu. Yaya zan ɗauko su, kuma yaya zan ajiye su a yanayinmu?

Amsa: Yanayinmu na Arewa ya fi komai wahalar da tsohuwar fata, saboda ta sha daga wannan ƙarshe zuwa wancan a shekara guda. Gidajen tarihi sukan so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. In ya haura 65 zuwa 70, kamar yadda yake yi a tsakiyar damina, fumfuna ta sami gida, ƙarfen samfurin 1915 kuma ya fara tsatsa. A hunturun Kano yakan faɗo ƙasa da 20, fata ta tsuke, ƙaro ya fashe, ɗinki ya tsinke. Sami kabad na gilashi mai rufuwa ruf, ka sa ɗan agogon auna danshi a ciki. Da damina sa ƙwayoyin silika, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, da hunturu kuma ka cire su. Ɗakin tsakiyar gida ya fi, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka, ba kuma a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki ba. Kada ka ɗaure su a leda. Kafur ma kada ya taɓa jikinsu.

Kada ka girke hula a kan leɓunanta, nauyinta zai lanƙwasa su ya ja ɗinkin. Sa kafinta ya yi maka ɗan sanda mai gindi, da kai mai faɗi da aka naɗe da farin ƙyalle, wanda zai tallafi ƙoƙon daga ciki ba tare da ya matse shafin ba. Kan roba na 'yan shago yakan fi hular girma, zai yage harsunan shafin.

Wajen tafiya, kowace da kwalinta, a cika ciki da kewayenta da takarda mai laushi, sannan a sa kwalin cikin wani kwali. Tsinin samfurin 1915 murɗa shi ka cire ka naɗe daban. Na 1895 kada ka tilasta masa, yi masa rumfa da kwali yadda komai ba zai danna shi ba. Jami'an filin jirgi suna iya ƙin barin abu mai tsini a jakar hannu, don haka tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya. Riƙe rasit ɗin saye da bayanin mai sayarwa a jikinka saboda kwastan. In kun iso, bar kwalin a rufe a ɗaki kwana biyu kafin ka buɗe, fatar ta saba da iskar a hankali.